Ban Mutu Ba Tukuna, Hamidou

Mahdiya, Sabha

Zuwa ga ƙanena Hamidou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Hafsatou da yara, Ya kuma ba ku damina mai albarka a Damagaram. Ni dai ga ni nan. Ƙafafu sun yi nauyi, hannu na rawa kamar yadda za ka gani a rubutun, amma ina ci, ina sha, ina salla a zaune. Na fara da wannan ne don na ji kun riga kun yi mini sadakar mutuwa.

Ka san kowace Juma'a nakan aika saƙon imel zuwa ofishin Rahamatou, 'yar marigayi yayanmu, ta buga a takarda ta kawo maka. Kwamfutar kuwa Kamilou ne, wanda ya zauna ɗakina a nan Sabha, ya bar mini da zai wuce Tarabulus, ya ja mini wayar intanet daga shagon maigidan da nake haya. Kwatsam saƙo ya daina fita. In na danna, sai ta rubuto da Faransanci wai ba ta sami gidan da za ta kai saƙon ba. Na nuna wa maigidan, ya ce tasa lafiya lau, tsufa ne ke sa ni kuskure. Ni da na yi lakkol, na yi karatun boko, tun ba a haife shi ba! Ana cikin haka ciwon ƙirji ya kwantar da ni asibiti, ɗakina a kulle.

Da na fito na sa aka kira Djibo mai gyara daga unguwar Jadid. Ko zama bai yi ba ya ce a share komai a sake. Na ce ba a taɓa mini saƙonnin da na tara muku. Na tuna masa shekarun da na yi a gidan waya ina haɗa layi: mutum ya faɗi suna, ni in duba lamba in haɗa shi. In mai haɗa layi ba ya kan kujerarsa, ko waya na da lafiya kira ba ya zuwa. Djibo ya yarda haka abin yake, kwamfuta ba ta tafiya da suna, sai ta tambayi wata na'ura ta ba ta lamba. Na sa ya buga lambar wani shafi kai tsaye, ya buɗe. Ya buga sunansa, shiru. Ashe kamfanin ya sake na'urar da ake tambaya, tawa kuwa tana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofar da Kamilou ya rubuta mata da hannu. Muka kwafo sababbin lambobi daga ta maigidan, sai saƙonnin suka fice gaba ɗaya.

Washegari amsar Rahamatou ta zo. Ta ce da ta ga sunana sai da ta zauna a ƙasa. Wai wani direban Agadas ya ga ɗakina a kulle, ya ji an ce an ɗauke ni a kwance, ya kai muku labari. Kuka haɗa da shiruna, kuka tara liman, kuka toya masa, aka yi fatiha. Hamidou, uwa ɗaya ta goye mu. Ba ka iya sa a tambayi ko mutum guda a Mahdiya ba? Kullum rediyon nan na cewa Afirka ta zama gida ɗaya, motoci na ta kaiwa da komowa, amma ƙanena ya binne ni da bakin direba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ta kawo maka saƙonnin, ka ce kowa na iya buga na'ura da sunan mamaci, ba za ka fasa bai wa ɗanka Hama ɗakina na Damagaram ba sai ka ga hannuna. Ɗakin da na gina da gumina don in dawo in ƙare kwanana kusa da kabarin inna!

To ga hannun. Ka duba shi da kyau, shi ne ya kama naka ranar da aka fara kai ka lakkol kana kuka. Ka sa Hama ya fitar da kayansa, a share, a mayar da gadona inda yake, gefen taga. Bayan babbar salla zan bi mota in Allah Ya yarda, ko da a kwance ne. Nan ba ni da kowa sai wannan kwamfuta, ita ma ka ga halinta.

Ka gai da Hafsatou, da Rahamatou wadda ita kaɗai ta yi murna da jin ina raye, da yaranka Bintou da Safia. Ka gai da liman, ka ce masa na gode, fatihar ta iso amma ta zo da wuri, ya ajiye mini sauran. Masar da kuka ci kuwa ban yafe ba sai an toya mini tawa, in ci da bakina a ɗakina.

Yayanka mai rai,
Attahirou