Sunan da ke Cikin Ƙararrawar Yarranda

Nowra, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Noelene,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya su Col da yara? Mama lafiya lau, sai faɗa.

Kin san sojojin ruwa ba sa barin sunan jirgi ya mutu. Yarranda na farko ya nutse a yaƙi, na biyu, wanda Baba ya yi aiki a kansa, kifaye ke kwana a ciki yanzu, ga na uku an ƙera. Ranar Asabar za a miƙa masa tsohuwar ƙararrawa, wadda aka juya bakinta sama, aka zuba ruwa, aka yi mana baftisma a ciki. An gayyaci Mama a matsayin matar marigayi.

Jiya na je na leƙa cikinta, inda ake sassaƙa sunayen jariran. Ga nawa, 1966. Ga naki, 1970. A tsakaninmu akwai Sera Tuckwell, da sunan gidanmu, 1968, shekarar da jirgin ya yi wata bakwai a Fiji. Na karanta littattafai uku kan jiragen nan, ba wanda ya gaya mini wannan.

Noelene, Mama ta rantse sai ta ga sunayenmu da idonta. Shekararta tamanin da huɗu, kuma kin san zuciyarta. Na kasa cin abinci, ni da kika sani da ci.

Naki,
Desmond

Nowra, 9 ga Maris

Noelene,

Ina fata kina lafiya. An yi bikin. Na ce wa Mama ƙararrawar ta yi nauyi, ba a ɗagawa. Wani hafsa mai ladabin tsiya ya sa aka ɗaga. Sai na tsaya a gabanta.

Ta ce, "Kauce mini, Desmond, ka tsaya kamar falwaya." Ta zura hannu, ta wuce sunana, ta tsaya a kan na tsakiya tana shafawa. Ta ce, "Kai da karatunka! Ni na riƙe yarinyar ranar baftismarta, uwarta ba ta iya tsayuwa."

Sera tana Suva, can Fiji, malamar asibiti ce, da jikoki biyu. Duk Kirsimeti Mama na aika mata kati. Yanzu hannunta na rawa, ta ce ɗayanmu ya karɓi aikin.

Na zauna da takarda tun safe. Ban san da me zan kira ta ba.

Ki gaida Col.

Yayanki, ɗaya daga cikin biyu,
Desmond