Mai Sulhun da Ya Ƙi Furata

Wurno, daren Laraba, watan Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Yau hakimi ya aiko Malam Bube kan rigimar iyakar gonar albasa tsakanina da ƙanena Sanda. Wai mai sulhu ne. Mai sulhun da na sani da ƙafa yake zuwa, ya sha ruwan kowane gida, ya zaunar da ku har ku ji kunyar juna. Wannan bisa doki ya zo, ɗan dokan En'e, hukumar gargajiya, na biye. Ya sha furar Sanda, tawa ko kallo.

Na ce, "Baba, sulhu za a yi ko shari'a?"

Ya ce, "Gaggawar mi? Gobe ka ji."

Alƙali ne kan sa a jira a ji ta bakinsa, ba mai sulhu ba. Malam Bube kuwa ya gama yanke hukunci tun a bakin ƙwaryar Sanda.