Mota Marar Rufi

Waziriyya, Jidda

Kawu Badaru,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inno? Ya Saudatu da yara? Ni lafiya lau, har yanzu ina goge motoci a gidan sayar da su.

Kamfani ya daina ƙera motar tseren nan marar rufi, sai mai rufin. Samarin Larabawa sai zuwa suke suna faɗa da manaja. Wani ya ce mini, "Shi ke nan, sun kashe ta. Daɗinta ai ka ɗaga kai ka ga sama." Na ce haka ne.

Tun Rajab aka tashe mu daga ɗakinmu, a saman rufin bene nake kwana, a fili. Sama kam ina ganinta.

A aiko mini da kuka ta hannun alhazai. In Inno ta tambaya, a ce mata akwai rufin asiri.

Ɗanka,
Musbahu