Ƙanwata Tana Tallar Kanta da Ɗanyun Hotunana

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi nadama.

Ni mai ɗaukar hoto ce. Ƙanwata, wadda muke kira Auta, ita ke gyara hotunan a kwamfuta a ɗan shagonmu. Da RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta yi masa kwalliya ba, ya fito dishi-dishi sai an gyara. Kuma da gangan nake rage haske, musamman in farin kaya ne, don in haske ya ƙona wuri babu manhajar da za ta dawo da shi.

To, wata tela ta ba mu aikin fararen rigunanta masu aikin zare. Ni na ja fitilu, ni na durƙusa har gwiwata ta yi tsami. Auta tana zaune kan kujera mai juyawa ta haskaka wuraren da suka yi duhu, ta daidaita launi, sai ta haɗa bidiyo ta sa a shafinta, ga hoton da duhunsa, ga shi bayan ta taɓa. Mutane suka yi ca, wai hannunta na zinariya ne, wata har tana tambayar wane makaho ne ya ɗauka. Telar ta zo ta wuce ni a ƙofa ta rungume Auta. Mamanmu ma cewa ta yi in gode wa Allah da ya ba ni mai rufa min asiri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wallahi kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. In na ji ƙarar linzamin kwamfutarta sai raina ya ɓaci. Ni fa na koya mata kunna kyamara. Mako mai zuwa telar za ta kawo sabbin kaya, kuma na ƙudurta zan mayar da kyamarar kan JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta gama wa kwalliya, ba tare da na faɗa ba, in ga da me za ta yi burgar. Laifi ne?

Yayar da aka manta

'Yata, laifi ne, kuma ke zai fara ci. JPEG ba ya ɗaukar gyara kamar RAW. In zaren rigunan ya ɓace, wadda ta riƙe kyamara za a tuhuma, telar da ba ta yi miki komai ba ta yi asara, shagon kuma ya rasa ta.

Kina da gaskiya a abu ɗaya. Nuna ɗanyen hotonki ba bayani, ba sunanki, rashin kyautawa ne, ko da Auta ba ta yi da nufi ba. Amma ki yi mata adalci. Fito da fari a farinsa ba tare da fata ta koma toka ba gwaninta ce, kuma ina zargin rabin zafin da kike ji na ganin ƙanwa ta iya abin da ba ki iya ba ne.

Ki zaunar da ita ku biyu, ban da Mama. Ki ce kowane hoto ya fita da sunayenku duka, bidiyon kuma ya faɗi dalilin duhun. Sannan ki ja kujera kusa da ita ki ce ta koya miki gyaran. Zai yi miki nauyi a baki, na sani, amma girmanki ba zai zube ba.

Yabon shafi kwana biyu ne, ƙanwa kuwa ba a sake miki wata. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa albarka a aikinku.

Gwaggo