Shokar Gaba da Ƙwan Madam Phoebe

Litinin, 12 ga Agusta, 2024

Yau ma ƙwai sun fashe, kusan kiret guda, tun ban wuce Bosso ba. Shokar gaban babur ɗina ta mutu murus, mai na tsiyaya ta ƙafar hagu, kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Madam Phoebe, mai gonar kajin Maikunkele da nake kai wa ƙwai kasuwa shekara huɗu, ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali. Ta ce ranar Asabar akwai babban kaya, idan ko ɗaya ya fashe za ta ba wani mai keke aikin. Ba ni da wata sana'a sai wannan.

Matata Rahmatu ta ce in kai wa ƙanena Mamudu, ga rumfarsa ta gyaran babura nan a Fadikpe. Na ce ta zuba min abinci kawai. Shekara biyu ba ma magana, tun ranar sunan 'yarsa Mubina da na kira shi mai baƙin farce a gaban surukansa, na kuma rantse hannunsa ba zai taɓa babur ɗina ba. Kai shi wurin wani bakanike kuwa, kafin la'asar labari ya isa kunnensa.

Talata, 13 ga Agusta

Na sayo sil, robar da ke tare mai. Na ɗora babur a kan turmin Rahmatu, na cire taya. Da na kwance murfin sama, sifirin ɗin da ke ciki ya yi tsalle ya faɗa kaskon wanke-wanke. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Tsohon man baƙi ƙirin, wari kamar kwata.

Laraba, 14 ga Agusta

Sil ya ƙi shiga. Na doke shi da sukudireba, ya yage. Na koma na sayo wani, mai shagon yana min kallon tausayi. Allah ya isa tsakanina da ramukan garin nan.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na haɗa. Wajen zuba mai na yi lissafi irin namu na masu ƙwai: in kana son laushi, ƙara ciyawa a ƙarƙashin kiret. Sai na cika ƙafafun biyu maƙil, har baki.

Na gwada da ƙwai shida na gida. Gaban babur ya ƙame kamar taɓarya, ko motsi ba ya yi. Ramin ƙofar masallacinmu kaɗai ya fasa huɗu. Na zauna a bakin kwalbati. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Jibi ne fa. Me zan ce wa 'ya'yana?

Rahmatu ta soya abin da ya tsira, ba ta ambaci sunan kowa ba. Da ma ta yi gori, da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 16 ga Agusta

Bayan an sauko daga masallaci na tura babur ɗin Fadikpe. Tura shi na yi, don in sami lokacin fasawa. Ban fasa ba.

Mamudu ya tashi ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Ya danna kan babur sau ɗaya, ya buɗe murfi, ya leƙa.

“Yaya, mai ya yi yawa. Ba ka bar wa iska wuri ba, da me zai lotsa?”

Ya zuƙe rarar da sirinji, ya auna da tsinken tsintsiya, ƙafa biyu daidai wa daida. Ya ce sil ɗin kuwa na sa shi da kyau. Ban sani ba ko gaskiya ce ko lallashi. Ni na riƙe masa sifana har ya gama. Na buɗe baki in ba shi haƙuri kan maganar nan, sai na ji na tambaye shi lafiyar iyali.

Asabar, 17 ga Agusta

Kiret goma sha biyu, ko tsaga babu. Madam ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce sai Litinin.

Da zan koma gida na bi ta Fadikpe. Ba hanyata ba ce, amma ai gara a ƙara duba notin. Mun sha kunu.

Baƙin man har yanzu bai fita daga farcena ba. Rahmatu ta ajiye min omo da soso a bakin rijiya tun jiya, suna nan inda ta bar su.