Takardar Habiba da Ban Sa wa Hannu Ba

Zuwa ga Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki kamar yadda na saba kowace safiya a bakin ƙofar ofis, ina kuma roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. In na gama zan ninke ta in ajiye, babu inda za ta. Amma wata takwas ke nan da rasuwarki, kuma akwai maganar da ke ce ya kamata ki ji.

Bari in fara da labarin gida. Ruwa ya dawo Libreville da ƙarfi, har masu taksi suna ƙin shiga layinmu na Okala, sai in sauka a bakin titi in ƙarasa da ƙafa. Mijinki Malam Isa yana nan lafiya, sai dai ya rame, kuma ya daina yawan magana. Innata tana yi miki addu'a. Har yau in aka tambaye ta aikina ba ta iya cewa ergoterapi, sai ta ce ina cikin masu koya wa manya sa riga. Kin tuna yadda kika ce ai ta fi littattafanmu iya bayani? Sa riga, cin abinci, wanka, riƙe buta, duk abin da ciwo ya ƙwace wa mutum, mu ne masu taya shi ƙwatowa.

A cibiyar da muke aiki ba a kawo kowa a madadinki ba. Saboda haka ni kaɗai nake duba ɗalibai masu sitaj, wato masu koyon aiki a hannunmu, kuma ni kaɗai nake sa hannu a takardarsu ta ƙarshe. Kin san shafin nan mai tambaya ɗaya: shin ana iya barin wannan ɗalibi shi kaɗai da mara lafiya? A ƙasa akwai layin sa hannu biyu. Naki yana nan fari.

A kan Habiba nake rubuto miki, 'yar Alhaji Garba mai shagon kayan mota a Oloumi. Kin gan ta a shekararta ta farko, kika ce hannunta yana da sanyi. Yaya, yarinyar nan ta yi kyau a aiki. Takardun aikinta tsaf, ba ta makara, kuma tana lura da abin da wasu ba sa gani. Ita ta gano cewa wata tsohuwa ba ƙin cin abinci take yi ba, cokalin ne ya yi mata siriri, ta naɗe shi da tsumma, tsohuwa ta cinye kwano. Wani ƙaramin asibiti can cikin ƙasa ya yi mata alkawarin aiki in takardarta ta fito a watan nan. In ba ta fito ba, za su ɗauki wani. A can babu mai irin aikinmu ko ɗaya. Ita kaɗai za ta kasance.

Gwajinta na ƙarshe ziyarar gida ce. Muka je wurin Alhaji Sabo, dattijon nan mai sayar da atamfa da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Burinsa ɗaya ne, ya yi alwala da kansa ba tare da matarsa ta riƙe masa buta ba. Habiba ta shirya komai daidai. Ta kawo kujera mai tsawo mai hannuwa, ta ɗora bokiti mai famfo a kan tebur, ta shimfiɗa tabarmar roba. A tsarin da ta rubuta ta ja layi ƙarƙashin gargaɗi cewa kada ya kusanci famfon tsakar gida, domin simintin wurin ya yi gansakuka, kuma 'yar kujerarsa ta katako ta yi ƙasa da yawa.

Alhaji ya dubi kujerar ya yi dariya, ya ce wannan ta masu jego ce. Ya ce shekara sittin yana alwala a tsugune, 'yar Garba ba za ta koya masa ba, shi da ya riƙe ragon sunanta. Ya miƙa mata hannu ya ce ta kai shi famfo.

Yaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce to Baba. Ta kama hannunsa.

Na tsaya ina jira, ina cewa yanzu za ta juya da shi. Taku ɗaya, biyu, uku. Na matso bayansu. Yana fara sauka kan 'yar kujerar gwiwa ta lanƙwashe, ƙafa ta zame. Na cafke shi ta ƙugu. Gwiwarsa ta ƙurje, ba abin da ya karye, alhamdu lillahi. Amma da ba na wurin fa? Kansa da bakin famfon bai kai kamu ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, mako ɗaya kafin nan na gan ta da wani tsohon babban ma'aikaci da ya dage sai ya hau bene. Ya yi mata tsawa, ta dube shi ido cikin ido ta hana shi da Faransanci, ba ta motsa ba har ya haƙura. Ashe tana iya hanawa. Da Faransanci ne take iyawa, harshen da ta koya a aji tana tsaye. Hausa kuwa a gida ta koye ta, a durƙushe tana gaida manya. A bakinta na Hausa babu yadda ake ce wa dattijo a'a. Littafin da muke koyarwa da shi bai san da wannan ba, takardar gwajin ma ba ta da gurbinsa.

Kwana uku takardar tana cikin jakata. Mahaifiyarta ta aiko mini da funkaso, ba don komai ba, haka ta saba. Mahaifinta ya tare yayana a masallaci yana ta godiya tun kafin a yi abin godiyar. Kin san mu Hausawa nawa ne a garin nan. Suna ɗaya, biki ɗaya, jana'iza ɗaya, duk fuskokin nan ne. Na yi ta lallashin kaina cewa inda za ta je ai da Faransanci za ta yi aiki. Amma wane gari ne a ƙasar nan mai kasuwa da babu dattijonmu a ciki? Kuma ranar da ya miƙa mata hannu, wa zai tsaya a bayansu?

A nan ne na gane abin da na yi miki shekara goma sha ɗaya. Ke ce mai hanawa, ni ce mai lallashi. Ɗalibi ya fito daga wurinki da hawaye, ya shigo wurina in ba shi ruwa in ce kada ya damu. Suna kiranki Madam Non, wato Madam A'a, a bayan idonki, ni kuma ina dariya tare da su. Ni suke kawo wa katin biki. Sau da yawa na riga ki ganin aibin ɗalibi, sai in yi shiru, don na san za ki gani ki faɗa, haushin ya tafi kanki. Na ɗauka kirki ne nake yi. Kin sani, ko ba haka ba? Kin sani kika ƙyale ni. Ban taɓa gode miki ba.

Akwai wadda ta fi wannan nauyi. Kin tuna ranar Talatar nan da kofin shayi ya suɓuce daga hannunki? Na ga gefen bakinki ya karkace, maganarki ta sarƙe, bayan 'yan mintoci komai ya warware. Na san alamar nan, Yaya. Ni nake koya wa ɗalibai ita, ina gaya musu cewa warwarewar ba ta nufin an tsira, a ruga da mutum asibiti nan take. Na ce mu tafi a duba ki. Kika ce gajiya ce, ga gwajin ɗalibai a gabanmu, in rufe bakina, kada Malam Isa ya ji. Kin girme ni, ke kika koya mini aiki. Na sunkuyar da kai na ce to Yaya. Na kwashe fasassun kofin. Bayan kwana tara kika faɗi a kicin, ba ki sake magana ba.

Kowa ya ce ajali ne, kuma na yarda ajali ne. Ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma da ɗaliba ce ta yi abin da na yi ranar nan, za ki sa mata hannu? Malam Isa bai sani ba har yau. Ban san ko zan iya gaya masa ba.

Jiya da hantsi na kira Habiba ofis. Na gaya mata ban sa hannu ba, za ta ƙara wata uku a sitaj, kuma na san aikin can zai wuce ta. Na faɗa har ƙarshe, da Hausa. Na so ta yi gardama. Na so ta ce kuskure ɗaya ne cikin wata shida, ta ce ban yi mata adalci ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ce to Anti, har ta yi mini godiya, hawaye suna ɗiga a kan hijabinta. Godiyar nan ta fi zagi ciwo.

Ban yi niyya ba, amma sai na ba ta labarin kofin. Ita ce ta farko da ta ji. Na gaya mata duka, har da abin da na amsa miki. Can ta ɗago kai ta dube ni sosai, ta ce ai da na ja ki zuwa mota ko kina zagina, ban kyauta ba da na bari. Tana gama faɗa ta toshe bakinta da hannu, ta tsorata da kanta.

Wata takwas mutane suna ba ni haƙuri, babu wanda ya gaya mini wannan. Yarinyar da na kayar ce ta faɗa, da harshenmu, ga wadda ta girme ta. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Ban canza takardar ba. Magana ɗaya a ofis ba ta isa a bar mata ran mutum ba, kuma na san da haka za ki ce. Ranar Litinin za mu koma gidan Alhaji Sabo. Zan zauna da ita mu nemo yadda ake hana dattijo ba tare da an zubar masa da girma ba, domin ni ma ban iya ba tukuna. Mahaifiyarta ta wuce ni yau a kasuwa da gaisuwa ta ciki-ciki. Na jure. Wannan shi ne abin da kika yi ta ɗauka a madadina.

Ki yafe mini dariyar da na yi tare da su. Ki yafe mini ranar Talatar nan. Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa mu a gidan da babu ciwo.

Na bar ki lafiya, Yaya.

Ƙanwarki kuma ɗalibarki,
Asma'u