Waldar da Na Yi wa Motarka

Zuwa ga ƙanena Bawa,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma ban da wanda zan gaya wa wannan magana in ba kai ba.

Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Matarka Hajo ta gama takaba, tana wurin Inna da yara. Ruwan dam ya cinye gonarmu ta fadama, yanzu jiragen masunta ke wucewa ta kanta. Gareji na tafiya. Har yau duk Yelwa, in mota ta gagara, wurina ake turo ta.

Ka tuna ranar da ka sayo motar nan hannun Baturen dam da zai koma gida? Na shiga ƙarƙashin sitiyari na ga tsakiyar sandarsa ba ƙarfe ba ne sosai, wani abu ne mai huji-huji awa saƙar kwando. Na yi dariya, na ce sun yi mana rowar ƙarfe. Ka ce in bar shi yadda masu ita suka yi. Na ce maka ni da na fara da sifana ɗaya a gindin mangwaro ba za a koya mini mota ba. Na yanke shi, na sa bututun famfo mai kauri, na bi shi da walda.

Da taya ta fashe maka a hanyar Ngaski ka daki kukar nan, fasinjanka ko karaya bai yi ba. Kai sitiyari ya same ka a ƙirji. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ni ma haka na ce.

Makon jiya wani injiniya ɗan Ilori ya kawo tashi motar gyaran birki. Na nuna mishi irin kwandon nan, na ce in yana so in ƙarfafa mishi. Ya riƙe mini hannu. Wai da gangan aka yi shi haka, don in an yi karo ya lanƙwashe ya shanye bugun, sandar ta gajarce maimakon ta soki direba.

Bawa, ban gane ba. Ta yaya za a ƙera abu don ya lalace? Shekara ashirin ina ƙara wa ƙarfe ƙarfi ana yaba mini. To ajali ne, ko waldata? In ajali ne, me ya sa na kasa kallon Hajo? Ko da kwandon yana nan, da ka tashi? Na tambayi injiniyan, ya ce bai sani ba.

Abin da ya fi damuna, Alhaji Gado na Wara ya sayi irin taka, kuma na yi mata aiki iri ɗaya. Kullum tana kan hanya, ɗansa ke tuƙi. In na je na ce a cire, zai tambayi dalili, kuma kafin in dawo Yelwa maganar ta riga ni zuwa kunnen Inna.

Na samo sandar wata mota irinta da ta mutu a Kwantagora, da kwandonta lafiya. Gobe da safe zan kai ta Wara. Har yanzu ban yarda da ita ba, amma ita zan ɗaura.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. In ni ne, ka yafe mini.

Yayanka,
Mamman Makanike, Yelwa